Saƙon Da Bai San Ranarsa Ba

Duk ofishin safiyo ɗin nan, na masu awon filaye, babu ɗakin da mutane suka ƙi jini kamar na ƙarshen baranda. Ba shi da taga, na'urar sanyaya ɗaki tana huci ba hutu, ga wayoyi sun sarƙe a bayan akwatunan ƙarfe. Masinja ma a bakin ƙofa yake ajiye takarda ya juya. A nan injiniyar take wuni. A ofis Injiniya ake ce mata, a gida kuwa har yau Auta ce, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gefen kanta.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne ke cin rai. Na'urar da masu awon fili ke yawo da ita, taurarin ɗan'adam take tambaya inda take tsaye. Su kuwa taurarin ba cikakkiyar gaskiya suke faɗa ba, sukan kauce da taku ɗaya ko biyu, kuma taku ɗaya a kan iyakar gona ya isa ya raba zumunci. Shi ya sa aka kakkafa tashoshi a wuraren da aka san matsayinsu sarai. Tasha ta saurari taurarin, ta ga iyakar kaucewarsu, ta aiko da saƙon gyara, ofis ya miƙa wa masu awo. To, tashoshin sun tsufa, da tsohon tsari suke magana, sababbin na'urorin da aka sayo kuwa ko kalma ɗaya ba sa ji a wannan yaren. Sai aka ce Auta ta rubuta manhajar da za ta riƙa juya tsohon saƙo zuwa sabon tsari. Dogo, abokin aikinta, shi ya raɗa wa manhajar suna Tafinta, sunan kuma ya bi ta.

A bangon ɗakin akwai allo mai jerin fitilu, kowace tasha da tata. Idan kore ce, saƙo na shigowa. Idan ja ce, an yi shiru. Ta ƙarshe a layin ƙasa ita ce ta tashar kan dutse, can bayan babban tafki, tafiyar wuni guda a mota. Wannan fitilar ba ta ofis kaɗai ba ce, don yayan Auta ne mai kula da tashar.

Tun da matarsa ta rasu ya nemi a tura shi can, aka tura shi da murna, don babu mai so. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. Waya ba ta kamawa a kan dutsen sai ya sauko bakin titi, shi kuwa bai taɓa ganin gaisuwa ta isa ta sauko da mutum daga kan dutse ba. Amma injin tashar tsoho ne mai shagwaɓa. Idan aka kwana biyu ba a share sola ba, ba a duba ruwan batir ba, ba a kashe shi an kunna ba, sai ya sume. Saboda haka muddin fitilar na kore, akwai hannun da ke taɓa shi. Da wannan fitila mutanen gidan suke gaisawa da ɗansu.

Kullum Auta ta dawo, kafin ta cire takalmi, Mama za ta jefo tambaya daga kan kujerarta.

"Auta, yaya fitilar yayanki?"

"Kore shar, Mama."

"To alhamdulillahi. Shi dai yaron nan, ko ɗan kira ya gagara."

"Mama, yaron da ya ba hamsin baya?"

"Ke ma da furfurarki nake ce miki Auta. Wuce ki ba ni wuri."

Tafinta ta ba ta wuya kafin ta miƙe. Da ta miƙe kuwa, Oga, shugaban ofishin, ya ce a mayar da allon bangon ya riƙa karantawa daga bakinta, don ya riƙa leƙowa yana ganin aikin da idonsa. Aka mayar. Fitilu suka kama kore reras, Oga ya yi jawabi, aka tafa, kowa ya koma teburinsa.

Bayan fitilun, kowace tasha tana da hoton samaniyarta a kwamfuta: da'ira, a cikinta ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo tauraro ne da tashar ke ji. Wata rana da hantsi Auta ta buɗe na kan dutse, ba don komai ba sai don kewa. Tana kallo sai ɗigon gefen gabas suka dushe, duhun ya ratsa a hankali zuwa yamma, sannan duk suka dawo. Ta san wannan. Mutum ne ya hau tsani yana goge eriya, kansa da hannunsa suka tare sama. Dariya ta kama ta.

"Dogo, zo ka ga Yaya yana goge eriya."

Kafin Dogo ya kwaso ƙafafunsa ya zagayo tebur, hannun ya wuce.

Bayan kwana kaɗan ta sake gani. Ta kuma gani. Abin ya zame mata ɗan jin daɗi a cikin wannan ɗaki mai sanyi. Takan ajiye aiki ta buɗe da'irar ta zuba tagumi, idan ta yi sa'a hannun ya ratso, sai ta ji kamar yayanta ya leƙo ya shafa kanta ya fita. Shi ya riƙa ɗaukarta a keke zuwa makaranta tun tana ƙarama, shi ya fara damƙa mata sukudireba. Son shi take yi ƙwarai, kuma a gidansu ba a saba faɗin irin wannan da baki ba.

Ta ba Mama labari tana dariya. "Yaya fa ya zama sarkin tsafta. Duk sanda na leƙa yana kan tsani."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Shi? Wanda kofin shayinsa sai an yi faɗa yake wankewa?"

"Kaɗaici ne, Mama. Ba aikin yi."

"Uhm," in ji Mama.

Wannan uhm ɗin ya bi Auta har ofis. Daga ranar, idan hannun ya ratso, dariyar ba ta zuwa. Ta fara lura cewa kullum daga gabas yake farawa, kullum a kan ɗigo ɗaya yake ɗan tsayawa, kamar mai kankare wani abu da ya bushe. Ta ce wa kanta ai mutum ɗan sabo ne. Duk da haka tsikar jikinta takan tashi, ta waiga bayanta, ba kowa sai akwatunan ƙarfe suna ƙifta ido. Ta sa aka rage sanyin ɗakin. Bai yi magani ba.

A duk tsawon lokacin nan babu mai awon da ya je yankin tafki da sabuwar na'ura, don haka babu wanda ya nemi gyaran tashar kan dutse. Ranar da aka tura na farko, kafin azahar wayarsa ta shigo, iska na kaɗawa a bayan muryarsa.

"Injiniya, wai me kuke aiko min ne? Tun safe nake tsaye a rana, na'urar nan ta ƙi karɓa."

"Saƙo ba ya isowa?"

"Yana isowa tiryan-tiryan. Amma taurarin da kuke ba ni labarinsu ba su ne a kaina ba. Kamar a ce na tambayi hanyar kasuwa ana kwatanta min ta wani gari."

Ta ce ya ba ta ɗan lokaci. Dogo ya jawo kujera kusa da ita, ya buɗe samaniyar tashar da ke maƙwabtaka da ta kan dutse, ya jera su gefe da gefe. Tashoshi biyu da tafki ɗaya ya raba, ya kamata su ga sama ɗaya. Ba su yi kama ba ko kaɗan.

"Wataƙila Tafinta ce ke rikita lambobi," in ji Dogo.

"Ba ta rikita na sauran ba."

"To wataƙila..."

"Yi shiru tukuna."

Hannun ne ya ratso. Daga gabas, a hankali, ya tsaya a kan ɗigon nan, ya wuce. Wannan karon Dogo ya gani. Auta ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, doguwar allura ta kusa hawa sama. Ba ta san me take jira ba. Suka zuba wa da'irar ido, na'urar sanyi na ta huci. Allurar ta tsaya cak a sama. A daidai nan duk ɗigon da ke cikin da'irar suka yi tsalle baya a lokaci guda, suka koma inda suke ɗazu, suka sake fara tafiyarsu.

Dogo ya ce, "Innalillahi. Taurari ba sa komawa baya."

Auta ta jingina da kujera. Ta riga ta gane, kuma ganewar ta sauko mata gaba ɗaya.

Tsohon saƙo bai san ranarsa ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne minti kaza da daƙiƙa kaza a cikin awa, idan awa ta cika ya koma farko. Wace awa ce, wace rana ce, ba ruwansa. Sabon tsari kuwa ba ya yarda da haka, sai an cike masa lokaci. Shi ya sa ta koya wa Tafinta ta dubi agogon ofis ta liƙa wa kowane saƙo awar yau. Wannan daidai ne, haka ake yi. Amma a farkon gwaji layi ya yi ta yankewa yana tsayar mata da aiki, sai ta naɗi saƙon awa guda ta ajiye, ta rubuta wa Tafinta cewa idan layin tashar ya yi shiru, ta ɗauko daga ajiya ta ci gaba. Na wace tasha za ta naɗa in ba ta yayanta ba? Gwaji ya ƙare, aka tafa, ta manta ba ta cire wannan umarni ba. Ita kuwa Tafinta abin da aka ce mata take yi. Layi ya yi shiru, ta ɗauko tsohuwar awa ta sa mata kwanan watan yau, ta kunna fitila kore. Awar ta ƙare, ta sake ɗaukowa.

Sau ɗaya tak Yaya ya goge eriyar nan, wata rana can baya, a cikin awar da ta naɗa.

Dogo ya jawo madannai gabansa. "Bari in duba ranar da layin ya yanke."

"Kar ka faɗa min."

Ya duba. Ya mayar da madannan a hankali.

"Injiniya, kin san batiran nan. Ko kuma rediyon da ke ɗauko saƙon ne ya ƙone. Yana can yana zaginmu ba mu kai masa kaya ba."

"Da ya sauko titi ya kira."

"Yayan naki? Kin fi ni saninsa."

Kirki ne ya sa shi faɗa, ta kuma ji daɗin da ya faɗa. Ta kira lambar Yaya, aka ce a kashe take, kamar kullum. Sannan ta nemo umarnin a cikin manhajar. Layi biyu ne kacal, ga ɗan bayanin da ta rubuta wa kanta a gefe cewa a cire bayan gwaji. Yatsarta ta daɗe a kan madanni. Muddin ba ta danna ba, nan da ɗan lokaci hannun zai sake ratsowa. Ta danna. Fitilar ƙarshe a layin ƙasa ta ɗan yi jinkiri, sannan ta koma ja.

Dogo ya tafi wurin Oga neman mota. Aka ce sai da safe, direba ya fita da ita.

Da ta isa gida ta tsaya a bakin ƙofa tana fama da igiyar takalmi, tana jiran tambayar, ba ta kuma shirya amsa ba. Ƙarya ba ta taɓa yi wa Mama ba, ko da yake yau ta gane ta daɗe tana yi ba da saninta ba. Mama ta dube ta sama da ƙasa. Ba ta tambaya ba.

"Gobe zan je kan dutse, Mama. Akwai abin da za a duba a tashar."

"To."

"Aikin ofis ne."

"Na ji." Mama ta gyara zama. "Kar ki tuƙa da kanki. Ki tafi da direba."

Rana ta karkata sosai kafin su fara hango dutsen. A gindinsa akwai 'yan gidaje da shago ɗaya a bakin titi, daga nan hanya ta miƙe sama a karkace, mota na nishi. Direban mai surutu ne, amma tun da suka baro gari ya karanci fuskarta ya kama bakinsa.

Tashar ba wani abu ba ce. Waya ce aka kewaye fili da ita, ga ɗaki ɗaya da rufin kwano, ga ginshiƙin siminti da eriya a kansa kamar kwanon da aka kife. Tsanin yana jingine a jikin ginshiƙin. Auta ta ɗaga kai. Kashin tsuntsu ya rufe eriyar, sabo a kan tsoho. Ciyawa ta fito ta cikin matakan ƙasa na tsanin. An kulle ƙofar ɗakin da kwaɗo, ƙarami mai sheƙi, ba irin na ofis ba.

Ta kira shi. "Yaya!" Ta san babu amfani, ga kwaɗo a waje, amma ta sake kira. Muryarta ta gangara tafki ba ta dawo ba.

Can sai ga wani dattijo yana hawowa da ƙafa, yana dafa gwiwa. Mai shagon bakin titi ne, ya ga motar ofis ta wuce ya biyo ta. Ya yi sallama, ya tsaya yana mayar da numfashi yana kallonta.

"Ke ce ƙanwar," in ji shi. "Goshin ɗaya ne."

"Baba, ina yake?"

Ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙofar ya ja gefe.

"Sai haƙuri, 'yata. Allah ya yi masa cikawa. Mu muka yi masa sutura, yana can ƙasa kusa da namu."

Ta ji maganar sarai. Ƙafafunta ne kawai suka ci gaba da aikinsu, suka shigar da ita ɗakin. An naɗe katifa an jingine. An tattara kwanuka wuri ɗaya, tattarawar da ba ta Yaya ba. A lungu ga injin tashar a cikin akwatinsa. Hannunta ya tafi can da kansa, don abin da ya iya ke nan. Ta duba batir, a cike suke. Ta shinshina, babu ƙaurin ƙonewa. Ta duba rediyon, lafiyarsa lau. Makunnin ne a kashe. An kuma zare wayar wuta daga bayan injin, an naɗe ta tsaf an ɗora a kai, yadda ko da kuskure ba zai tashi ba.

"Wa ya kashe wannan?"

"Shi," in ji mai shagon daga bakin ƙofa. "A gabana."

Ta juyo.

"Ni ke kawo masa ruwa. Ranar na hawo na tarar da shi a kwance, jiki zafi rau, ƙirji na ƙara. Na ce tashi in goya ka a babur mu zagaya tafki zuwa asibiti. Ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki jijjigar babur ba, mota yake so. Na ce to ba ni lambar gida in sauka in kira. Sai ya yi min dariya. Ya ce, ka bar wahalar da kanka, ina da abin da ya fi waya sauri. Ya rarrafa ya kashe wannan, ya zare igiyar. Ya ce ƙanwata ba ta wuni ba ta dubi fitilata ba. Kafin la'asar ta gani, gobe war haka mota tana nan."

Auta ta dafa akwatin ƙarfen. Sanyi ne da shi.

"Washegari na sake yi masa maganar lamba, ya ce min raini ne. Kin san halinsa, idan ya kafe. Daga baya da abin ya yi tsanani, bakin ma ya daina fita, wayarsa kuma a kulle take ba mu san kanta ba. Bayan rasuwar mun ba wani direba sallahu zuwa ofishinku. Ashe bai isar ba."

"Ya daɗe yana jira?"

"Ya jure fa. Namiji ne. Kullum da safe sai ya ce in fito masa da kujera nan." Ya nuna gefen ƙofa, inda ake hango titi tun daga inda ya ɓullo bayan tafki. Kujerar roba tana nan, ruwan sama ya taru a mazauninta ya bushe ya bar zobe. "Duk motar da ta ɓullo sai ya bi ta da ido har ta wuce. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni ne ma wata rana raina ya ɓaci, na ce wace irin ƙanwa ce wannan. Ya hana ni. Ya ce kar in sake."

Direban ya juya baya yana kallon tafki. Iska ta taso ta kaɗa kwanon rufi.

Dattijon ya goge fuskarsa da tafin hannu. Ba da zargi yake magana ba, so yake ya sauke mata nauyi, ya ba ta abin riƙewa.

"Sai na ce masa ƙila gadar nan ta hanyarku ce ruwa ya ci, kin san takan yi. Ya ce haka ne, gadar ce. In ba don ita ba da tuni kin iso. Da wannan ya tafi a ransa." Ya dube ta da tausayi. "Gadar ce ko, 'yata?"

Auta ta buɗe baki. Gadar lafiyarta ƙalau, ta kanta suka wuce ɗazu da hantsi.